Garmar Mani

A kasuwar Batsari, ana tsakiyar cinikin gyaɗa, Zuwairatu ta ji wani yana rera waƙar da aka hana a gidansu. Ta aje ludayin fura ta waiga. Wani dogon saurayi ne yake ɗaure wa jakinsa buhu, ko a jikinsa.

"Malam, ba waƙar Jinjiri ba ce wagga?"

"Ita ce. Kin san ta?"

"Na dai san a Yasore ana shan mari a kanta. Ka bar ta haka nan."

Ya yi dariya, ya ce sunansa Rabe, daga Tsaskiya. Ya sha fura ƙwarya biyu, alhali da ƙoshinsa ya fito. Daga ranar jakinsa ya haddace inuwar da take zama.

Shi Jinjiri makaɗin noma ne, ya daɗe da rasuwa. Shekara ashirin da suka wuce, a daminar da ta biyo shekarar fara, ya yi kiɗa a wata gayya a Safana wadda har yau dattawa da ita suke lissafin shekarun 'ya'yansu. Ranar gwanayen huɗa biyu suka kara: Mani na Yasore, uban Zuwairatu, da Muntaka na Tsaskiya, uban Rabe. Mani yana gaba, saura taku kaɗan ya kai bakin gona, ƙotar garmarsa ta karye. Muntaka ya wuce shi, 'yan mata suka ɗauki guɗa. Mani ya karkaɗe hannu ya kama hanya, mutanen Yasore kaf suka bi bayansa. Tun ranar ba a sake ambaton Jinjiri a gabansa ba.

Da Rabe ya ji 'yar wa yake so, sai da ya dafe jaki.

"Zuwai, Mani na waƙa? To ai a garinmu..."

"Na Tsaskiya, in kana sona, kar ka ƙarasa."

Ya ɗauka kunyar sunan uba ce irin ta 'ya mace, ya bar maganar.

Baffanninsa ma haka suka tafi neman aure da murnarsu. Ko gaisuwa ba ta gama nuna ba babbansu ya washe baki ya ce, "Ai kai ba baƙo ba ne wurinmu. Wa zai manta ranar da garma ta karye?"

Mani ya ture goron da ƙafa. "Shekara ashirin bai ishe ku dariya ba, sai kun biyo ni gida? Ku gaya ma Muntaka ba ni da ɗiya."

Zuwairatu ta yi kuka har ta gode Allah. Ga kuma wani malamin awon gyaɗa da ya fara jingine kekensa a ƙofar gidan, yana kaɗa ƙararrawa kamar shi ya ƙera ta. Ta kira goggonta Lami, mai kai daddawa ƙauyuka, ta ba ta saƙo:

"Ki ce mashi: Na Tsaskiya, Baba ya ce in zaɓi kowa ban da kai, ni kau ban ga kowa ba. Mai keke na ta zarya. In kaka ta wuce ba ka yi wani abu ba, ban san abin da zan ce ma Baba ba."

Lami ta dawo da amsa bayan kwana huɗu: "Ya ce: Zuwai tawa, ki ci abinci. Keke ba ya huɗa."

Ta yi dariya da hawaye a fuska, amma hankalinta bai kwanta ba.

Da Muntaka ya ji yadda aka yi da baffannin Rabe a gidan Mani, sai ya ce, "Ashe bai ji ba. Wallahi bai tsaya ya ji ba!" Ya shiga ɗaki ya zaro wani abu daga cikin jinka, ya naɗe a tsumma. Uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da kansa, kowa ya sani, amma washegari Muntaka ya ɗaura wa jaki akumari.

Da hantsi ya iske Mani a gindin bedi da dattawan Yasore. Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina da dabbobi, Mani yana amsawa da ƙyar. Muntaka ya warware tsumman. Ƙarfen garma ne ya yi tsatsa, da guntun ƙota a jikinsa.

"Ka bar kayanka a Safana."

Wani tsoho ne ya kasa daurewa, ya ce, "Kai, Jinjiri! Kun tuna jar hular nan tashi?"

"Da yadda yake duƙawa da ganga yana bin mai huɗa cikin kunyar gona," in ji wani.

"Ni ranar har ɗan akuyana ya ɓace ban sani ba!"

Ashe duk suna cike da kewa, kunyar Mani ce ta rufe musu baki.

Muntaka ya ce, "To kun tafi kun bar rabin wasa. Da kuka juya baya, Jinjiri ya aje gangarshi bisa kunyar huɗar da ka bari, Mani. Ya ce ba mai ƙarasa ta. Haka ta kwana har kaka, ciyawa ta cinye ta. Sannan ya ce..." Ya gyara murya, muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan:

"Ƙota ta gaji, ƙarfe ya gaji,
Mani na Yasore bai gaji ba.
Wanda ya kai bakin gona ya sha guɗa,
Ni gangata tana gun mai karya garma."

Muntaka ya ɗora, "Ni na zo na ɗaya, amma ba wanda ke waƙata. Matata ma da sunanka take daka. Ka san abin da na ƙunsa shekara ashirin?"

Dattawa suka fashe da dariya. Mani bai yi ba. Ya ɗauki ƙarfen yana shafa tsatsar da babban yatsa, hawaye na bin gemunsa.

"Muntaka, sake mani."

Ya sake. A karo na uku duk gindin bedin ya amsa, Zuwairatu kuma tana bayan danga ta toshe baki da zane.

Mani ya share ido ya ce, "Ka koma gida, kai ba ka da kunya. Turo mani baffannin Rabe, su zo da wani goron."

Bayan an shigar da gero aka ɗaura aure. Liman ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, aka shafa. Da za a fita da amarya, Zuwairatu ta durƙusa gaban ubanta tana kuka, ya dafa kanta ya sa mata albarka, sannan ya sunkuya ya ce a hankali:

"In kin je, ki koyo mani sauran baitocin. An ce akwai wasu biyu."