Kujerar Hilda a Gidan Waya

Ranar da iska ta tsinka wayar tangaraho a garin Quorn, a shekarar 1911, aka turo Lachlan Rourke ya gyara. Ya shigo gidan waya buɗu-buɗu da ƙura, ya tarar da Hilda Penrose, mai karɓa da aika saƙonni, zaune gaban na'urar da ta mutu.

"Malam, tun safe nake zaman kurame," in ji ta.

"Yi haƙuri, yanzu zan mayar miki da bakinki."

Ya gyara waya, shi kuma ya kamu da sonta. Duk tashar da aiki ya kai shi sai ya aiko: "TSUNTSUWATA INA LAFIYA. RUWAN NAN BABU DAƊI. INA KEWARKI." Ita ke karɓa da kunnenta, ta rubuta da hannunta, ta ɓoye a aljihu.

Amma doka ce, ranar da ma'aikaciya ta yi aure, ranar take barin aiki. Albashin Hilda kuwa shi ke riƙe da mahaifiyarta tun rasuwar mahaifinta.

"Soyayya ba ta hura wuta a murhu," in ji mahaifiyar. "Shekara huɗu kika yi kina koyon aikin nan."

Lachlan ya kawo dabara. "Mu ɗaura aure a wani gari, ki rataya zoben a wuya. Wasu suna yi."

"In ɓoye ka kamar kayan sata? Ba zan iya ba."

Ya ɗauka korarsa ta yi. Wata uku babu saƙo, Hilda ta rame, abin tausayi.

Uwa dai uwa ce. Wata safiya ta ajiye mata shayi ta ce, "Na nemi izinin sayar da shayi da burodi a tashar jirgi. Hannuna bai mutu ba. Kira shi."

"Mama, tsayuwar yini fa?"

"Na ce kira shi."

Ta aika wa Lachlan, ya dawo, aka sa ranar aure. Ranar Juma'arta ta ƙarshe a wurin aiki, Hilda ta buga saƙon ajiye aikinta da kanta, tana hawaye. Ta miƙe ke nan na'urar ta fara magana. Matan sauran tashoshi ne, waɗanda ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, ɗaya bayan ɗaya.

"ALLAH YA BA DA ZAMAN LAFIYA."

"NI NA KASA. KE KIN IYA. ALLAH YA YI ALBARKA."

Washegari aka ɗaura auren a coci, da rana tsaka, zobe a yatsa.