Wankan Jego a Ɗakin Tayil

"Ka rufa min asiri, kada Mma ta ji," Adijatu ta faɗa, tana riƙe da hannun rigar mijinta.

Abdulgafaru yana durƙushe a tsakar ɗakin, ya yaye tabarmar da ta shimfiɗa, yana danna tayil da tafin hannu. Tayil ɗin ya lotsa, wani baƙin ruwa ya ɓulɓulo ta tsakanin layi, ya koma. Ta ga gumi ya keto masa a goshi.

Ɗakin nan kuwa shi ne abin taƙamarsu. Shekarar da aka sauke tutar Ingila kowa a Tamale sabon abu yake nema, balle Abdulgafaru, direban lori, wanda idonsa ya buɗe a Kumasi. Ya ɗora ɗaki guda a saman gidansa na unguwar Changli, ya rantse amaryarsa ba za ta taka daɓen ƙasa ba. A wani kanti ya ga allunan da ake yi da garin katako da gam, a matse su su fito sumul. Su aka shimfiɗa a matsayin ƙasan benen, aka bi su da tayil fari da shuɗi. Birkilan da ya yi aikin bai taɓa ganin irinsu ba, amma ya shafa ya yaba. Matan unguwa har ƙirƙiro gaisuwa suke yi don su hau kallo, su bar takalmansu tun daga gindin matakala.

Sai ga haihuwa ta zo wa Adijatu da gardama. Ta sha wuya ƙwarai kafin Allah ya sauke ta, aka sami Mamudu. Mahaifiyarta, Mma Ajara, ta so ta tafi da ita gidansu na unguwar Kaladan yadda aka saba a danginsu: mai haihuwar fari gida take komawa, ba ta dawowa sai yaro ya fara tafiya. Abdulgafaru ya yi durƙuso, ya tura dattawa, ya sake turawa. Da ƙyar tsohuwar ta yarda, bisa sharaɗin ita za ta tare a gidan ta yi wa 'yarta wankan jego, safe da yamma, ba fashi.

To, mai jego ba ta iya sauka matakala. Mma ta dubi tayil ta ce ai irinsa ne a asibiti, kullum wanke shi ake yi, ruwa ba ya yi masa komai. Tun daga ranar ake hawo da tafasasshen ruwa garwa-garwa, a tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗa mata, a share sauran ta ƙofa.

"Adi, tayil ba ya shan ruwa, amma tsakaninsa yana sha," Abdulgafaru ya ce. "Abin da ke ƙarƙashinmu ya jiƙe kamar garin rogo. Ni na cuce ki... Bari in sauka in gaya mata."

Ta fashe da kuka. Ta ce in Mma ta ji, kafin azahar kayanta suna Kaladan, kuma ba dattijon da zai ƙara sa baki. Ta ce ba za ta iya ba, ganinsa sai a zaure kamar baƙo, ɗansa ya yi haƙori bai san ƙamshinsa ba.

"Masoyina, ka taimake ni. Ba na son in bar ka."

Nan ta karya masa zuciya. Ya share mata hawaye, ya ce gobe zai kama hanyar Kumasi ya ɗauko katakon odum na gaske, wanda ruwa ba ya ci. Ita kuma, in ji shi, ta ce wa Mma ta sami ƙarfi, a mai da wankan ƙasa. Ya sa ta yi alkawari, ta yi.

Ta kuwa gwada. Mma ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce wadda jiri ke ɗiba daga gado zuwa ƙofa ce za ta sauka bene, ga damina, ga iska a tsakar gida? Ba da ita ba, kwaraa, ko kaɗan. Adijatu ta buɗe baki, gaskiya ta zo har maƙoshinta, ta haɗiye.

Daga nan tsoro ya tare a ɗakin tare da su. Ta lallaɓa ta tura gado jikin bango, ta ce hasken taga ne ke damun jariri. Ta haddace tayil ɗin da ake takawa da wanda ba a takawa. Kujerar wanka kullum sai ta ɗan ja ta gefe, tabarma kuma ba ta yarda a naɗe ta. Duk ruwan da Mma ta watsa mata, ba zafinsa take ji ba, inda zai gangara take bi da ido. In tsohuwar ta ratsa ɗakin, ga ta mace mai jiki, sai ƙasan ya yi wani ɗan kuka. Kunun kanwa ya daina wuce wa Adijatu. Mma ta ce kewar miji ce, ta yi mata tsiya son ranta, wai yaran zamani ba kunya.

Lori kuwa shiru. Aka ce ruwa ya cika a Yeji, motoci sun yi layi suna jiran jirgin fito.

Ran nan da safe Mamudu ya tashi da rigima. Kullum a gado ake barinsa lokacin wanka, amma yau ya ƙi kwanciya, sai kakarsa ta saɓa shi a baya ta ɗaure da zani. Adijatu na zaune a kujerar wanka ta ji takunta a matakala, a hankali, da nauyi. Mma ta shigo da garwa tana tururi, ɗan kan jaririn na leƙowa ta bayan kafaɗarta. Maimakon ta bi gefe, ta miƙe tsakiya, kan tabarma.

Tabarmar ta lotsa ƙarƙashin ƙafarta.

"Mma, tsaya! Koma baya! Ƙasan ya ruɓe!"

Tsohuwar ta firgita, ta saki garwar, ta ja da baya har ta bugi bango. Garwa ta dira a kan tabarma. Ba wata babbar ƙara aka ji ba, ƙasan kawai ya buɗe baki, tayil da tabarma da tafasasshen ruwa suka wuce ɗakin ajiya na ƙasa. Tururi ya taso ta ramin. Bakinsa bai fi taki ɗaya daga yatsun Mma ba.

Adijatu ta rarrafa ta jikin bango, ta kai hannu ga ɗanta. Mma ta kauce. Ta kwance goyon da kanta, ta duba shi ciki da baya, ta rungume. Sannan ta dubi gadon da aka tura, ta dubi kujerar da kullum ake ja gefe, ta dawo da idonta kan 'yarta.

"Kin sani."

"Mma, tsoro na ji... kada ki tafi da ni."

"Kin sani, kika bar ni ina taka wurin nan da jikana a baya."

Da Mma ta zage ta ma, da ya fi mata sauƙi. Maƙwabta suka sauko da mai jego a kan kujera. Kafin azahar suna Kaladan.

Da Abdulgafaru ya iso da lorinsa shaƙe da odum, ramin ya tarar, da ɗaki ba kowa. Ko wanka bai yi ba ya nufi Kaladan, ya zube gaban Mma a tsakar gida. Adijatu na bayan labule da Mamudu a ƙirji, tana jin komai. Ya ce shi ya sayo allunan, shi ya ga sun ruɓe, shi kuma ya hana matarsa faɗa. In hukunci ne, a yi masa shi kaɗai.

Mma ta dube shi.

"Tashi, ɗana. Ƙarya kake yi, ta riga ta gaya min yadda aka yi," ta ce a hankali. "Ba kai nake tsoro ba. Ita nake tsoro, da ta so ka har ta manta ta haihu. Je ka gyara ɗakinka. Ran da yaron nan ya taka da ƙafarsa, ka zo ka ɗauki iyalinka."

Ya ce ya gode. Ya miƙe ya dubi labulen, ya ɗan jira.

Adijatu ta kama bakin labulen, ƙafarta har ta motsa. Sai Mamudu ya yi miƙa a jikinta, ya lalubi nono. Ta saki labulen, ta zauna a bakin gado ta ba shi, hawayenta na ɗiga a kansa, tana jin lorin ya tashi har ƙararsa ta ɓace.