Na'urorin Khalid a Soron Dangi

Khalid mutumin Shahuci ne, jikan fatake, idonsa kullum a kan abin da bai samu ba. Sana'arsa dasa ƙananan na'urorin ajiyar bayanai a unguwanni, don data ta daina zuwa Legas kafin ta iso wayar mutum. Manyan kamfanoni suka tare masa kasuwa, shi kuwa ba ya da haƙuri. Sai ya nufi wani boka a bayan ganuwa, wajen Dukawuya.

Da rana tsaka ya shiga, amma ɗakin duhu ƙirin. An kifa tukunya a kan ƙahonin rago, an naɗe ta da jan ƙyalle mai ƙarnin jini, tana gumi ita kaɗai. Boka ya zaro layu daga ƙarƙashinta.

"Kowace na'ura ka sa mata ɗaya. Amma abin yana jin yunwa, kuma a gidan da ya kwana yake ci."

"Ban da gidana," in ji Khalid. "'Ya ɗaya gare ni, Zuhra."

"Inda ka ajiye, nan zai ci. Ni ba ruwana."

Mugun Khalid ya san a cikin birni ba a hana ɗan'uwa aron soro. Ya bi dangi gida-gida har Ƙofar Na'isa, yana roƙon ɗan lungun da zai ajiye na'ura mai laya, yana haɗa musu wutar sola kyauta. Bayin Allah har albarka suke sa masa. Kasuwa ta buɗe, ya zama Alhaji.

Sai gwaggonsa 'Yardada ta kwanta lafiya ƙalau, ba ta tashi ba. Ɗan kawunsa Sabo ya koma zama gaban na'ura yana amsa mata magana, har aka ɗaure shi. Daga wannan zaman makoki sai wancan. Tsoro ya kama Khalid, amma bai iya buɗe baki ya faɗa wa kowa ba. Ya zaga sorayen yana kashe na'urorin a ɓoye.

Ya manta tsarin da ya gina da hannunsa: in na'ura ta mutu, aikinta kan koma kan wadda ta rage. Wadda ta rage kuwa ta gwaji ce, a falonsa. Babu laya a cikinta, amma yunwar ta bi aikin. Ya tarar da Zuhra a jingine da ita, da kayan makaranta a jikinta, ta riga ta yi sanyi.

Yanzu Khalid ya zautu, yana yawo a bakin ganuwa yana tsintar wayoyin wuta. Wanda duk kwaɗayi ya sa ya kai wa dangi masifa, ya sani ita ma ta san hanyar gidansa.