Biyar Ɗin Da Aka Soke

Ranar Litinin da hantsi Shugaban makaranta ya kira 'yan sanda. Ambulan ɗin tambayoyin lissafi na jarrabawar fita, wani ya buɗe shi kafin ranar jarrabawa, ya mayar ya liƙe da gam.

Sufeto ya juya ambulan ɗin a hannunsa. Aikin ma ba na gwani ba ne, gam ɗin ya yi dama-dama.

"Mutum nawa ke da makullin kabad ɗin?"

"Uku. Ni, da mai sito, da malamin lissafi. Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka. Ɗalibai sha ɗaya sun rubuta amsoshi iri ɗaya sak. Wa zai warware musu in ba malamin lissafi ba? Na riga na rubuta takardar korarsa."

Sufeto ya tsani a kira shi bincike bayan an gama yanke hukunci. Ya ce a ajiye takardar nan zuwa la'asar.

Mai sito ya rantse tun kafin a tambaye shi. "Ni alli da tsintsiya na sani. Rabona da kabad ɗin nan tun zangon bara."

Malamin lissafi kuwa yana ofishin malamai shi kaɗai, don kowa ya dare daga teburinsa. Shekara talatin da ɗaya yana koyarwa, saura wata biyu ya yi ritaya, ga shi za a sallame shi da sunan ɓarawo.

"Malam, ina kake ranar Laraba?"

Dattijon ya turo masa takarda mai gidaje-gidaje. "Dubi tambaya ta huɗu."

"Tambayarka na yi."

"Amsar nake ba ka. Ga ɗigo nan, ga wani can. Daga wannan ka yi gida uku dama, ka hau gida huɗu sama, ka isa wancan. Nawa ne nisan da ke tsakaninsu?"

Sufeto ya yi tsaki. "Bakwai."

"To kai ma sai a kama ka. Biyar ne. Ba kwana ake sha ba, miƙewa ake yi. Uku sau uku tara, huɗu sau huɗu sha shida, a haɗa ashirin da biyar. Wace lamba ce in ta ninka kanta take ba da haka? Biyar. Yaran nan sha ɗaya bakwai suka rubuta. Ɗana, a ce na yi sata, zan bar wa Allah. Amma a ce ni na koya wa yaro bakwai?"

Sufeto ya ga ya samu tarko. Ya zaga da takardar. Shugaba ya ce bakwai. Mai sito ya ƙirga da yatsu, ya ce bakwai. Kofur ɗinsa ma da ya leƙo, bakwai ya ce, har da ƙamewa.

Azahar ta yi, kansa na sarawa. Ya gano cewa ɓarawon bai iya lissafi ba, kuma in ban da malamin lissafi, duk makarantar, har da shi mai binciken, babu wanda wannan bai hau kansa ba. Shugaba ya leƙo sau biyu yana kallon agogo. A na biyun har ya ce ai mai wayo yana iya yin kuskure da gangan.

Sufeto ya kwashi takardun amsar yaran sha ɗaya ya baje a tebur. Goma babu aiki a cikinsu, amsa ce tsirara. Ta sha ɗaya ta bambanta. Da ƙaramin rubutu mai tsabta an yi tara, an yi sha shida, an yi ashirin da biyar, an rubuta biyar. Sannan aka ja layi aka soke biyar ɗin, aka rubuta bakwai a gefe.

Ya kai wa dattijon. "Me zai sa yaro ya samu daidai ya soke?"

Malam ya daɗe yana kallon rubutun. "Sai in wanda ya ba shi amsar ya fi ni girma a idonsa."

"Takardar wa ce?"

Bai so faɗa ba, sai da Sufeto ya maimaita. "'Yar mai sito ce. Bara ta faɗi. Bana ba ta taɓa fashin darasin yamma ba."

Aka kira mai sito. Sufeto bai ɗaga murya ba, ya dai ajiye takardar a gabansa.

"Ka san rubutun nan?"

"Na yarinyata ne."

"Karanta abin da ke ƙarƙashin layin."

Mutumin ya sunkuya. "Biyar."

"Ita ce amsar."

Mai sito ya dubi malamin, malamin ya gyaɗa kai. Mai sito ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"Kuka ta yi wata guda bara," ya ce a hankali. "Na ce bana ba zan zuba ido ba. Na kwafi tambayoyin, na zauna na yi su da kaina, na ba ta amsoshin. Na ce kada ta nuna wa kowa, amma sai ta ba ƙawarta, ita kuma ta raba." Ya ci gaba. "Ta ce mini, Baba, wannan kamar biyar ne. Na daka mata tsawa. Na ce daga cikin ambulan na samo."

Shugaba ya ninke takardar korar ya cusa a aljihu, bai ko ba da haƙuri ba. Ya ce dokar a fili take, duk sha ɗayan an soke sakamakonsu.

Sufeto ya rufe fayil ransa a ɓace. Ya wanke dattijon, amma bai ji daɗin komai ba.

Kofur ya kama hannun mai sito. A bakin ƙofa mutumin ya juyo.

"Malam, don Allah gaya mini gaskiya. Da na ƙyale ta, da ta ci?"

Dattijon ya duba sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina aikin daidai ne, ko'ina an soke.

"Da ita ce ta ɗaya," ya ce.