Rabin Fuskar Usto Nozim

Ranar da Mohira ta shigo rumfar jikana Daler mai gyaran waya da kwamfuta a bayan kasuwar Khujand, ina zaune a ciki ina shan shayi, don haka ba labari aka ba ni ba. Shuɗin kayan makoki ne a jikinta. Ta kwance wani ƙyalle, sai ga tsohuwar kyamara.

"Usto, an ce kana dawo da hoton da aka goge." Usto muke ce wa gwanin sana'a.

Yaron nan da bakinsa ba ya hutawa, sai ya saki baki yana kallonta. Na zungure shi da sanda.

"Wani lokaci," ya ce. "Ina katin?"

"Ba ta da kati, a cikinta hotunan suke. Na babana ne."

Nan na gane ta. 'Yar Usto Nozim magini ce, wanda ya faɗo daga bene a Rasha, wayarsa ta tarwatse tare da shi. A akwatin ƙarfe liƙaƙƙe aka kawo shi, ko fuskarsa ba su gani ba. Shi ya gina mini tanderu, ya ƙi karɓar komai. Ni kuwa ba a aiko mini kwano cike in mayar da shi wofi.

Uwarta Saodat ce ta goge. Ranar sadakar uku wata maƙwabciya ta ce mata hoto yana hana mamaci kwanciya, ita kuma cikin ruɗewa ta share duka. Yanzu yarinya ta ce in ta rufe ido, fuskar babanta ba ta zuwa.

Daler ya ce, "Gogewa kamar cire suna ne daga ƙofar gida, mutanen suna ciki. Amma in aka ɗauki sabon hoto, baƙo zai tare a kansu. Igiyar da zan haɗa ta da kwamfuta sai na aika Dushanbe, sati biyu. Ki bar ta nan."

"Inna tana goge mata ƙura kullum. Za ta gane."

Sai ya zare batura biyun ya zuba mata a tafi. "To ki ɓoye waɗannan. Kada kowa ya danna."

Sati biyun nan, waya ba ta huta ba. Ni ban iya karatu ba, amma ina da jikoki mata masu tsegumi, su ke kawo mini abin da Daler da Mohira ke rubuta wa juna.

"Mohira-jon, igiya ta baro Dushanbe. Ina roƙon Allah motar ta yi faci, don in ƙara samun dalilin gaishe ki."

"Usto, ka ji tsoron Allah. Ina makoki kana sa ni dariya."

"Afuwa, hasken idona. Kin ci abinci?"

"Na ci. Yau na tuna yadda yake tari kafin ya shigo gida. Fuskar ce dai har yanzu."

Ana haka sai ga Firdavs, ɗan ƙawar Saodat, ya dawo daga Mosko da mota da turare mai hawa kai. Ya zo gaisuwa da uwarsa, kowa ya san gaisuwar mece ce. Mohira na madafa tana haɗa shayi, ya hango kyamara a kan kanta. Ya zare batura daga rimot ɗin talabijin ya zura mata, wai zai ga ko tsohuwar tana da rai. Ya ɗauki hoton farantin alewa, ya ɗauki na makullin motarsa, ya ɗauki kansa.

Da ta shigo ta ga walƙiyar, butar shayi ta suɓuce mata.

"Ka taka babana! Ka taka shi!"

Dole ta faɗi komai. Saodat ta miƙe.

"Hotunanmu na cikin gida, kanmu ba ɗankwali, za ki kai wa ƙato a kasuwa ya ƙare mana kallo? Don ubanki ba ya nan?"

Firdavs ya ƙara gishiri, wai ai masu gyaran nan kwafe hotunan 'yan mata suke yi. Aka karɓe wayar Mohira.

Igiya ta iso, saƙon Daler kuwa ba amsa. Ya ji labarin motar da ta kwan biyu tana tsayawa a ƙofar gidan, ya daina cin abinci. Na ƙarshen da ya aika shi ne: "In kin zaɓi wani, Allah ya sa alheri. Amma ki kawo kyamarar, babanki ba ruwansa da ni."

Na ce wannan wauta ta isa. Na gasa gurasa huɗu a tanderun Usto Nozim, na ɗaure a ƙyalle, na nufi gidan.

"Saodat 'yata, ɗanɗana. Hannun mijinki ne ya gina inda ta gasu."

Ta karɓa, ta gutsura, ta ajiye sauran.

"Bibi, ni na goge shi da hannuna," ta ce a hankali. Bibi kowa ke ce mini, wato kaka. "Kullum ina ɗaukar abin nan in ce ya yafe mini. Amma namiji ba zai ga tsiraicin gidana ba."

"Ba zai gani ba. Ni na tsaya masa."

Washegari Daler ya kawo kwamfutarsa tsakar gida, ƙarƙashin inabi. Ya haɗa igiya, ya juya ya fuskanci bango kamar ɗan makarantar da ya yi laifi. Mohira ke dannawa, yana faɗa mata inda za ta taɓa. Ni ina tsakiya da sandata.

"In ka waiwayo, ƙeyarka za ta gaya maka."

"Bibi, ko ƙuda ba zan kora ba."

Hotuna arba'in da ɗaya ne a da. Farantin alewa da makullin mota sun cinye mafi yawa. Waɗanda suka dawo, wani toka-toka, wani ƙafar mutum kawai, wani bishiyar rumman. Mohira tana dannawa tana share ido. Saodat ta riƙe hannuna har ya yi tsami.

Sai na ƙarshe ya fara fitowa daga sama zuwa ƙasa. Hula. Goshi. Idanu biyu masu dariya. Hanci, gashin baki, daga nan ya tsaya, sauran duk toka.

Saodat ta kai yatsa ta shafa goshin.

"Nozim," ta ce. "Ka rame."

Daler yana jin kukansu, amma bai motsa ba.

"Ya fito?" ya tambayi bango. "Don Allah ku gaya mini, ya fito?"

Saodat ta daɗe tana kallon bayan yaron. Ta gyara ɗankwalinta.

"Juyo, ɗana. Zo ka gaishe shi."

Firdavs bai sake dawowa ba. Da shekara ta cika aka cire shuɗi, dattawa suka karya gurasa tsakanin gidanmu da na Saodat, alamar baikon Daler da Mohira, kuma a tanderuna aka gasa ta. Ranar biki an yi kuka fiye da guɗa. Hoton yana bangon ɗakinsu, rabi kamar yadda ya dawo. Wani ya ce a cike haɓar da kwamfuta, Mohira ta ce a'a, abin da Allah ya mayar mata ya ishe ta.

Batura biyun nan suna cikin akwatin aurenta har yau.

Allah ya jiƙan Usto Nozim, ya ba yaran nan ɗa mai irin idanunsa. Ni dai kwanon ya koma cike.