Ƙarfen da Ke Gindin Tuffa

Ranar Litinin da safe Verna Steeves ta turo ƙofar ofishin 'yan sanda da sandarta, ta ce an sace mata ƙarfe. Kurtun da ke bakin kanta ya fara murmushi. Haka suke: in tsohuwa ta kawo ƙara, sai su ɗauka abokin hira ta rasa.

Sufeto Lorne Keirstead bai yi dariya ba. Tare da ɗanta ya tashi, ya ci burodinta, ya kuma sha marinta.

"Wane irin ƙarfe, Anti Verna?"

"Da na san irinsa da na zo wajenka? Na iyaka."

Kakan mijinta ne ya kafa shi a kusurwar gonarsu. Mijin nata, marigayi Wendell, kuma, duk shekara in ƙanƙara ta narke, sai ya shafa wa kansa jan fenti, irin na rumbu. Tun da ya rasu ciyawa ta rufe ƙarfen. Yanzu maƙwabcinta Garnet Colpitts ya kafa turakun shinge, ya haɗe da bishiyar tuffar da aka binne tokar gawar Wendell a gindinta. Mai awon fili zai zo mako mai zuwa. In babu ƙarfen, Wendell ya koma gonar mutumin da ko jana'izarsa bai zo ba.

Ta ce Delbert Alward take zargi, tsohon nan mai yawo da na'urar neman ƙarfe. Ita ta ba shi izinin shiga gonar, ga sakayya.

Sufeto ya kai ta gida a mota, suka taka zuwa kusurwar. Rami ne na shebur, an watsar da ciyawa, an mayar da ƙasa an tattake. Ya tambaye ta inda Delbert ya saba tono. Ta nuna tsakiyar gona. Sai da ya durƙusa ya lalluba kafin ya gano wurin: an yanka ciyawa gefe uku, an ɗaga kamar murfi, an mayar. Dokar masu wannan sha'awa ce, ba a barin rami a gonar mutane.

"Hannu biyu ne suka yi aikin nan, Anti."

"To nemo mini na biyun. Ba don ka ɓata wando nake biyan haraji ba."

Ya sami Delbert a rumfarsa, cikin ƙarafan kofaton shanu da ƙararrawar dawaki da maɓallan rigunan soja, kowanne yana da labarinsa. Tsohon ya rantse bai taɓa kusurwar ba, kuma babu wanda ya taɓa na'urarsa. Sufeto ya dubi bango. Ƙusa biyu, na'ura ɗaya.

"Ina ta biyun?"

"Tana wajen gyara."

"Wajen wa? In kira shi."

Delbert ya cire hula ya juya ta a hannu. A ƙarshe ya ce Garnet ya ara, wai zai nemi makullin tarakta da ya faɗi a ciyawa. Har taron ƙungiyarsu ta masu tono Garnet ya fara zuwa, wanda suke yi ranar Asabar a ɗakin ƙasa na coci, inda kowa ke shimfiɗa abin da ya tono a tebur a taru a gane shi.

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Kai Lorne, gara ka kulle ni da Verna ta ji na ba shi aro."

Garnet yana gareji da Sufeto ya iso. Ya ce babu wani ƙarfe, tsufa ne ke damun matar. Makullin ma ya gani a aljihu. Wari mai tsami ya cika wurin. A ƙasa an ajiye guntun indararo mai tsayi, an toshe bakinsa biyu, cike da khal, wato ruwan tsami, da ya koma ja.

"Me kake jiƙawa?"

"Kokwamba zan tsuma."

"A indararo?"

"Kowa da yadda yake yi."

Sufeto ya sake duban ruwan. A rumfar Delbert ya ga kwalabe masu irin wannan ruwan, da shi ake cire tsatsa. Ba shi da takardar izinin bincike, amma ya san cutar masu tono: wanda ya tono abu mai kyau ba ya iya yin shiru da shi.

Ranar Asabar ya shiga ɗakin coci da farin kaya, Verna a bayansa. Ana shan kofi, ana musu kan wani cokali. Can ƙarshen tebur mutane sun yi cincirindo, Garnet a tsakiya yana ta kumbura. Gabansa bututun tsohuwar bindiga ne, irin ta ɗurawa ta baki. Wai a kwance ya same shi a gaɓar kogi.

Sufeto ya ɗaga shi ya juya. Ya nuna musu kan, yadda ya baje kamar na turke.

"Abin da ke kwance a gaɓar kogi, wa ya buga masa guduma a ka?"

Ya miƙa wa Verna. Ta sa farce cikin lotsawar ƙarfen, ta kankaro. Khal ya cinye tsatsa amma bai iya da fentin Wendell ba. Ja, irin na rumbu.

Ta daɗe tana kallon farcenta. Sannan ta ɗago.

"Garnet, na yi maka wanka kana jariri. Da na sani da na bar ka a baho."

Garnet ya zauna. Ya ce hanya yake so ya fitar ta wajen bishiyar, shi ya sa ya cire ƙarfen. Kogi ya nufa da shi zai jefa, har ya tsaya a kan gada. Da ya goge ƙasar ya ga bindiga ce, sai hannunsa ya ƙi saki. Cikin 'yan ƙungiyar babu wanda ya taɓa tono irinta.

Delbert ya gyaɗa kai, kamar wanda ya fahimta. Verna ta harare shi, ya daina.

Sufeto ya shaida wa Garnet cewa cire alamar iyaka laifi ne, ya kama hannunsa suka hau matakala. A bakin ƙofa Verna ta kira shi.

"Lorne, ƙarfena fa?"

"Shaida ne, Anti. Mai awo zai gani, alƙali zai gani, sannan ni da kaina in mayar."

"Kai? Ko ƙusa ba ka iya bugawa ba." Ta juya ga Delbert, wanda ke neman ɓuya bayan tulun kofi. "Kai maƙaryaci, kai za ka mayar. Ka zo da guduma. Akwai sauran fenti a rumbu, kuma in ka taka mini Wendell sai na karya na'urar nan a kanka."

Delbert ya ce to. Ya tambaya ko za a sami kek ɗin tuffa.

Ta ce sai ta ga aikin.