Hannun da Ya Ƙarasa Littafin

"Ni kake so ko littafin Abba?"

Auta ta watsa wa Darakta takardun a kan teburin falo. A motarsa ta tsince su: tsarin fim ɗin da yake son yi da littafin marigayi mahaifinta, littafin nan da ake karantarwa a makarantu shekara da shekaru. Sa hannun Umma kaɗai ya rage masa.

"Haba rabin raina..."

"Kar ka ƙara kirana haka! Dama Baffa ya faɗa, ɗan fim ba ya gaisuwa a banza. Wata takwas kana sintiri, kai ne gyaran famfo, kai ne kai Umma asibiti. Duba nan!" Ta dangwala yatsa a gefen shafi. "Umma ta ce kaza, Umma ta ce kaza... Ashe duk hirar da take maka rubutawa kake yi!"

Darakta ya buɗe baki, sai ga Umma a bakin ƙofa, tabarau a kan hanci.

"Amsa mata mana. Ni ma ina son ji."

Ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Umma, a aikinmu kafin a kunna kyamara sai mun zauna mun karanta maganganun da baki. Babi ashirin na farko, numfashin 'yan wasa ƙarewa yake kafin su kai aya. Abba malami ne, jimlarsa ɗaya sai ta ci rabin shafi. Amma babi ukun ƙarshe, waɗanda kowa ke kuka a kansu... gajeru ne, suna zuba kamar ruwa. Ban taɓa jin mai magana haka ba, sai da na zauna a falon nan."

Auta ta ɗago kai. Ta tuna shekarar da ciwo ya kwantar da Abba, tana ƙarama, da ƙarar tafireta da ke fitowa daga ɗakin Umma kullum bayan an ba shi magani.

"Umma... ke ce?"

Umma ta taɓe baki. "Shekara ashirin farfesoshi na cika takardu da yabon muryar marigayi a babin ƙarshe. Ko ɗaya bai tambayi yadda mutumin da ya kasa riƙe cokali ya riƙe biro ba." Ta tsare Darakta da ido. "Wa ka faɗa wa?"

"Ba kowa, wallahi."

"To ka ji da kyau. Ba zan sa hannu ba. Sunan mijina na nan inda na ajiye shi."

Auta ta kafe shi da kallo. Yanzu za ta gani.

Ya tattara takardun, ya daidaita su, ya tura gaban Umma.

"A bar su a nan."

"Shekara biyu ka yi kana rubuta su," Auta ta ce, har yanzu ba ta sake ba.

"Littattafai da yawa a duniya. Ke ɗaya ce."

Hawayen da take riƙewa suka ƙwace mata.

Umma dai ta riga ta fara buɗa shafuka. Can ta tsaya, ta ɗaure fuska, ta zare biron da ke aljihun rigarsa.

"Wa ya ce maka yarinyar littafin ta yi kuka a tasha? Ba ta yi ba. Ni na san ta!" Ta ja layi mai kauri. "Auta, kawo masa ruwa. Da sauran gyara a yaron nan... amma zai yi."